Uwargida, Kafin Ki Nemi Kwangilar Gwamnati Ta Farko

 Yau hirar tamu da ke ce uwargida, ke da kike zaune a Jibiya ko Magama ko wani gari na bakin iyaka, kin gaji da sana'ar da ake rufe wa ƙofa da sanarwa guda ta rediyo, har kin fara tunanin ki kafa ɗan kamfani ki nemi kwangila wurin hukuma. Tunani ne mai kyau, ba kuwa wanda ya isa ya ce aikin maza ne su kaɗai. Amma kafin ki sayar da 'yan kunnenki da tumakinki ki zuba a ciki, zauna mu yi lissafi tukuna, domin kwangilar farko takan ɗaga mai ita, takan kuma kayar da ita.

Ba sai an gaya miki abin da rufe iyaka yake yi wa gida ba. Iyayenmu sun ga na watan Afrilu na 1984, wanda ba a buɗe ba sai watan Maris na 1986. Ke kuma kin ga na watan Agusta na 2019, lokacin da motoci suka yi cirko-cirko a Magama, aka kuma hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka. Da aka buɗe su Illela da Maigatari a watan Disamba na 2020 ba a haɗa da Jibiya ba, sai a watan Afrilu na 2022. Ana cikin wannan ne, a 2021, gwamnatin jiha ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta kuma hana cinikin dabbobi a kasuwa saboda matsalar 'yan bindiga. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli 2023, aka sake garƙame iyaka har watan Maris na 2024. Duk lokacin da aka yi haka, mai sayar wa direbobi tuwo, da mai ƙosai, da mai kai atamfa Ɗan Isa da Maraɗi, da mai jiran kasuwar Lahadi, su ne farkon waɗanda tukunyarsu ke yin sanyi.

To, a nan ne ido yakan koma kan hukuma, domin ita ko an rufe iyaka ba ta tashi. Ga ofisoshin kwastan da na jami'an shige da fice, ga sakatariyar Ƙaramar Hukuma, ga asibiti da makarantu. Duk waɗannan suna bukatar abinci, da ɗinkin tufafin aiki, da sabulu da tsintsiya, da takardu da kujeru, da masu shara. Kusan duk abubuwan nan kuwa hannun mata ne ya fi sanin su. Har ma akwai wani umarni na Gwamnatin Tarayya mai lamba 003, wanda Farfesa Yemi Osinbajo ya sa wa hannu a watan Mayu na 2017 yana muƙaddashin shugaban ƙasa, wanda ya ce aƙalla kashi 40 cikin 100 na abin da ma'aikatu za su kashe a kan irin su tufafin aiki da takalma, da abinci da abin sha, da kujeru da kayan rubutu, a kashe shi kan kayan gida da masu aikin gida. Kin ga ke nan ba roƙo za ki je yi ba, kina da gurbi a cikin tsarin.

Darasin Masu Dafa Abincin Makaranta

Wataƙila ma kin taɓa ɗanɗana aikin hukuma ba ki ba shi sunan kwangila ba. A 2016 ne Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ciyar da 'yan firamare na aji ɗaya zuwa uku, aka ɗauki dubban mata a jihohi, har da tamu Katsina, su riƙa dafawa suna kaiwa makaranta. Ga mata da yawa, wannan ne karo na farko da suka buɗe asusu a banki, aka gwada lafiyarsu a asibiti, kuɗin gwamnati ya shigo da sunansu. An fara da naira 70 kan kowane yaro, a 2022 aka mai da shi naira 100, alhali kuwa kuɗin shinkafa da wake da mai ba su tsaya jiran kowa ba. Wani lokaci kuɗi ya zo, wani lokaci a yi watanni shiru. A watan Janairu na 2024 kuma aka dakatar da shirin tare da sauran shirye-shiryen tallafi domin a yi bincike.

Abubuwa biyu ne za ki ɗauka daga nan. Na farko, hukuma ba ta hulɗa da wanda ba shi da takarda. Na biyu, hukuma ba ta biya irin na kasuwa, ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda. Wadda ta riƙe waɗannan biyu ta riga ta yi rabin tafiya.

Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Mu ƙaddara ke da 'yan'uwanki biyu kun haɗa jari, kuna so ku riƙa kai kayan abinci ko ku yi ɗinki. Abu na farko shi ne rajista da hukumar yi wa kamfanoni rajista, watau CAC. Da can sai mutum biyu ake kafa kamfani, amma dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ma ya kafa ƙaramin kamfani nasa. Ki lura akwai bambanci tsakanin rajistar sunan sana'a kawai da rajistar cikakken kamfani. Ta farkon ta fi arha, amma yawancin tallar kwangila ta biyun take nema. Ki kuma tabbata aikin da kike son yi an rubuta shi a cikin takardun kamfanin, kada a yi miki rajistar sayar da kayan gini alhali abinci za ki kai.

Daga nan sai lambar haraji, da asusun banki da sunan kamfani, ba da sunanki ko na maigida ba. Duk cinikin da kuka yi, ko na buhu ɗaya ne, ya bi ta wannan asusu, a kuma yanka rasit a adana. Dalili kuwa shi ne ranar da aka ce ku nuna shaidar kun taɓa yin aiki, waɗannan takardu ne za su yi muku magana.

Sai takardar shaidar biyan haraji, wadda ita ce take tuntuɓen yawancin sababbi, saboda talla takan nemi ta shekara uku. A lokacin da take aiki, dokar kuɗi ta 2019 ta yafe wa ƙananan kamfanoni da cinikinsu bai wuce naira miliyan 25 a shekara ba harajin kamfani, amma yafe biya ba yafe kai bayani ba ne. Lalle ne kowace shekara a kai wa ofishin haraji lissafin kamfani, ko an samu riba ko ba a samu ba. Wadda ta yi rajista ta jefa takardun cikin adaka ta manta, ranar da talla ta fito za ta tarar da tara tana jiranta, kwanakin kuma sun ƙure.

In kwangilar ta Gwamnatin Tarayya ce, akan ƙara neman takardar hukumar fansho ga kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye, da ta asusun horar da ma'aikata, da ta asusun inshorar ma'aikata, da shaidar an shigar da sunan kamfani cikin kundin 'yan kwangila na hukumar BPP mai kula da sayayyar gwamnati, da kuma takardar rantsuwa daga kotu. Yawancin waɗannan takardu ranar 31 ga Disamba suke mutuwa, saboda haka mai hankali tun watan Janairu take fara sabunta nata. Kwangilar jiha da ta Ƙaramar Hukuma kuwa dokar jiha take bi, kuma Katsina tana da nata ofishin kula da ba da kwangila, inda za ki yi rajista dabam. Akwai kuma hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i ta jiha, KASEDA, wadda aka kafa bayan hawan Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa a 2023, shi da ya shugabanci irin wannan hukuma ta tarayya, SMEDAN, kafin ya zama gwamna. Ki je da ƙafarki ki yi tambaya, kada ki dogara da ji-ta-ji-ta.

Ta Wace Ƙofa Za Ki Shiga?

Za ki ce, to yaya sabon kamfani zai nuna shaidar aikin baya alhali ba a taɓa ba shi ba? Amsar ita ce kada ki fara da babbar ƙofa. Manyan kwangiloli na su kwastan yawanci a hedkwatarsu ta Abuja ake yanke su, waɗanda za ki kara da su kuwa sun shekara ashirin a cikin harkar. Amma dokar sayayyar gwamnati ta 2007 ta tanadi wata hanya ta ƙananan sayayya, inda ofis zai nemi farashi a rubuce daga aƙalla mutum uku da ba su da alaƙa da juna, ya zaɓi wanda ya cika sharuɗɗa da mafi sauƙin kuɗi. Wannan ita ce ƙofarki. Ki rubuta wasiƙar gabatar da kamfaninki, ki haɗa da kwafin takardunki, ki kai ofishin sayayya na kowace ma'aikata da ke kusa, ki sa a buga miki hatimin karɓa a kan kwafinki.

Hanya ta biyu ita ce yin aiki a ƙarƙashin babban ɗan kwangila. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka tsara ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal a kan kusan dala biliyan biyu. Ba wadda za ta yi mafarkin irin wannan a cikinmu. Amma duk inda aka yi babban aiki, na dogo ne ko na hanya ko na gini, akwai leburori da za su ci abinci, akwai ruwa da za a kawo, akwai rigunan aiki da za a ɗinka. In kika sami irin wannan, ko na wata biyu ne, ki nace a rubuta yarjejeniya, in an gama kuma a ba ki takardar shaidar kammalawa. Wannan 'yar takarda wata rana ta fi miki ribar aikin amfani. Haka ma aikin makaranta mai zaman kanta ko na ƙungiyar agaji, duk shaida ce.

Ranar Buɗe Tanda

In kuwa ta kai ga tanda, watau gasar da ake tallata ta a jarida kowa ya jefa farashinsa, to ki karanta tallar sau uku, ko ki sa 'yarki da ta yi boko ta karanta miki a tsanake. Duk abin da aka lissafa ki jera shi bi da bi yadda aka rubuta. In an ce ambulan biyu, na bayanin aiki dabam na farashi dabam, kada ki haɗa su wuri guda. In an ce sha biyun rana za a rufe akwati, ki isa tun da hantsi, domin wadda ta makara ko da minti biyar ne za a mayar mata da ambulanta a rufe. Daga Jibiya zuwa Katsina ba nisa, amma kin san yawan shingayen da ke kan hanyar, saboda haka in da hali ki kwana a birni.

Doka ta ce a buɗe tanda a bainar jama'a, gaban masu nema ko wakilansu, a karanta sunan kowa da kuɗin da ya sa da ƙarfi kowa ya ji. Ki zauna, ki riƙe biro da takarda ki rubuta. In al'adar gidanku ba ta bari ki fita ba, ki tura wakili amintacce da wasiƙa. Ko ba ki ci ba, kin koma gida da sanin farashin abokan karawarki, abin da ba a sayar da shi a kasuwa. Ki sani kuma ba mai mafi arha kawai ake ba wa ba. Sai an fara tace waɗanda takardunsu suka cika, sa'an nan a dubi farashi a tsakaninsu. Sababbi da yawa tun a wannan rariya ta farko suke zubewa, saboda rashin sa hannu a shafi ɗaya ko takardar da ta mutu.

Cin Kwangila Ba Shi Ne Cin Riba Ba

Yanzu mun zo inda gizo ke saƙa. Rashin cin tanda ba ya kashe kamfani, asararki kuɗin mota da na buga takardu. Abin da ke kashe shi shi ne cin kwangilar da ta fi ƙarfinsa, ko cin ta a kan farashin da aka karya don a burge.

Alal misali, an ba ki kai kayan abinci na naira 5,000,000. Kayan za su ci 4,000,000 a kasuwa. Mota da 'yan dako 200,000, takardu da zirga-zirga 100,000, mu ce kuma harajin da za a cire tun kafin kuɗin ya iso hannunki 250,000 ne. Saura 450,000, kina murna. To, tsakanin ranar da kika jefa farashi da ranar da aka ba ki takardar oda an yi wata biyu, kaya sun tashi da kashi 10 cikin 100, watau 400,000. Ribarki ta koma 50,000, ba a ma fara jiran biya ba. Kada ki ce wannan tatsuniya ce, domin a tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a shekara guda.

Doka ta yarda a ba ɗan kwangila kuɗin kafin alƙalami, da can kashi 15 cikin 100, dokar kuɗi ta 2020 ta kai shi har 30 ga 'yan ƙasa. Amma ba dole ba ne a bayar, in za a bayar kuma sai banki ko kamfanin inshora ya tsaya miki. A ƙananan sayayya yawanci sai kin kai kaya, an shigar sito, an sa hannu, boca ta bi tebur-tebur, kana a biya. Dokar ta ce in aka wuce kwana 60 bayan kin miƙa takardun neman biya, an yi jinkiri ke nan, akwai kuma ƙarin da yarjejeniya ta yanka. Sai dai abin da ke cikin doka dabam, ranar da kuɗi zai faɗo asusu dabam. Saboda haka ki tambayi kanki tsakani da Allah: in aka yi wata shida ba a biya ni ba, gidana zai ci abinci? Masu adashin da na ɗauki kwasarsu za su yi haƙuri? In amsar a'a ce, kwangilar ta fi ƙarfinki, ki bar ta ki nemi ƙarama. Kada ki taɓa zuba dukan jarinki a aiki ɗaya, kada kuma ki rufe sana'arki ta yau da kullum, ita ce za ta riƙe ki ranar jira.

Duk kayan da kika kai, ma'ajin sito ya ƙirga a gabanki ya sa hannu da kwanan wata. Kada kuma ki soma aiki a kan maganar baki, ko daga wane babba ta fito. Babba yakan tashi a canja masa wurin aiki, takarda ce ke zama.

Aron Suna Da Na Goro

Akwai wasu tarkuna biyu da aka fi ɗana wa mata. Na farko, wani zai zo, sau da yawa ma ɗan'uwa ne ko wani ma'aikaci, ya ce ki ba shi aron takardun kamfaninki ya yi kwangila ya ba ki la'ada. Ranar da aikin ya lalace shi ba ya cikin takarda, sunanki ne da sa hannunki. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Takardar rantsuwar nan da muka ambata, a cikinta kike bayyana ko wani jami'in ma'aikatar yana da hannu ko rabo a kamfaninki, ƙarya a cikinta kuwa laifi ne.

Na biyu shi ne na goro, ko kashi goma. Dokar 2007 ta yanka wa wanda aka kama da maguɗi ko cin hanci a harkar kwangila ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ba zaɓin tara. Kamfani kuma a hana shi kwangila aƙalla shekara 5, a ci shi tarar kashi 25 cikin 100 na kuɗin aikin. Ban da haka ma, koma kan lissafinmu na ɗazu: in kika cire 500,000 daga 5,000,000, daga ina za ki fanshe in ba ta rage mudu ko kai ruɓaɓɓen wake ba? Su wa za su ci waken? 'Ya'yanmu ne da majinyatanmu.

In kuma kin tabbata an yi miki rashin adalci a tanda ta tarayya, ba zage-zage a gidan suna ne magani ba. Kina da kwanakin aiki 15 ki rubuta ƙara ga shugaban ma'aikatar, shi ma yana da 15 ya ba ki amsa. In ba ki gamsu ba, cikin kwanakin aiki 10 ki ɗaukaka zuwa BPP, daga can kuma sai Babbar Kotun Tarayya.

Ba Mu Kaɗai Ba Ne

Wannan gwagwarmaya ba a ƙasarmu kaɗai ake yin ta ba. Masana sun ƙiyasta cewa a duniya baki ɗaya abin da kamfanonin mata ke samu cikin kwangilolin gwamnatoci bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Amurka ta sa wa kanta burin kashi 5 cikin 100 tun 1994, ba ta cim masa ba sai 2015. Kenya kuwa a 2013 ta keɓe kashi 30 cikin 100 ga mata da matasa da naƙasassu. Irin wannan keɓewa abu ne da ya kamata ƙungiyoyinmu na mata su riƙa tuna wa 'yan majalisarmu duk sa'ad da suka zo neman ƙuri'a. Amma ko gobe aka keɓe, wadda takardunta suka cika ita za ta amfana, sauran kuwa sai a yi aron sunansu.

Saboda haka uwargida, aikin wannan mako ba neman wanda ya san wani ba ne. Ki sayi littafi mai bango ki fara rubuta shiga da fita. Ki zauna da abokan jarinki ku rubuta rabon kowa da abin da za a yi in an yi asara, a gaban shaidu, tun ana ga maciji. Ki shawarci maigida tun farko domin a sami goyon bayansa ranar da za a kwana Katsina. Sa'an nan ki nemi aikin da in an jinkirta biyansa ba za ki rasa barci ba, ki yi shi da kyau yadda ma'ajin sito da kansa zai tuna da sunan kamfaninki.

A nan za mu dakata. Wadda ta taɓa shiga tanda, ta ci ko ba ta ci ba, ta rubuto mana yadda ta kaya domin 'yan'uwa su ƙaru.